Kaskon Jego a Gidan da Aka Toshe

Ladanin unguwarmu ko gyaran murya bai yi ba muka fito da kaya ƙofar gida. Umma ce ta ɗaure jakata da hannunta, ta kwance ta sake ɗaurewa, don ta tabbatar kaskon da ta naɗe cikin tsohon zaninta ba zai fashe a hanya ba. Ban da kaskon akwai kanwa, yajin jego, daddawa, garin kunu da kwalaben turaren wuta. Yayata ce ta haihu a Kuala Lumpur, haihuwar fari, namiji. Mijinta, wanda kowa a gidanmu ke kira Injiniya, yana ƙaro karatu a can kan harkar gine-gine. Umma ce ya kamata ta je, amma ga hawan jini ga ciwon gwiwa, sai abin ya faɗo kaina, ni da na gama sakandare ina zaman jiran sakamako. Da zan shiga mota ta riƙe hannuna ta ce, "Amana biyu na ba ki, mai jego da ɗanta. Duk abin da za ki yi, kada ki bari sanyi ya shige ta."

Ku yi haƙuri idan kuka ga labarin yana karkacewa. Har yanzu in na zo wasu wuraren sai na ajiye biro na fita tsakar gida na sha iska.

Tare aka haɗa ni da wani abokin Injiniya da matarsa, waɗanda suka zo hutu za su koma. Daga Kano muka yi Legas, daga Legas Dubai, daga nan kuma wani dogon zama har ƙafafuna suka kumbura. Ban taɓa shiga jirgi ba. Duk addu'ar da na iya na karanta ta kafin ya bar ƙasa, da ta ƙare na koma farko. Matar abokin nan tana ta dariya, ita ce ta nuna min yadda ake buɗe ɗan teburin gabana da yadda ake haɗiye yawu in kunne ya toshe. A filin jirgin Kuala Lumpur wani ma'aikaci ya buɗe jakata, daddawa ta gaishe shi, ya ja da baya yana fifita hancinsa da hannu. Na ce masa abinci ne. Ya kalle ni da tausayi, ya rufe jakar da kansa, ya ce in wuce.

Muna fitowa waje na ji kamar an kifa min tukunyar ruwan zafi. Zafin can ba irin namu ba ne, jiƙaƙƙe ne, yana manne wa mutum a fata. Injiniya ya zo ɗaukarmu. Titi shimfiɗe sumul, ba rami ko ɗaya, gefe da gefe bishiyoyin kwakwar manja a jere kamar an auna su da igiya. Na ga mata da hijabi suna tuƙa babur abinsu, babu mai waiwayarsu. Na tambayi Injiniya yaushe ake ɗauke wuta a nan, ya yi dariya ya ce ba a ɗaukewa, amma ƙarshen wata in takardar kuɗin wuta ta zo, mutum da kansa zai so a ɗauke.

Gidan yana unguwar Danau Kota, a wani dogon bene da ɗalibai suka cika, can sama inda in ka leƙo motoci ke komawa kamar kiyashi. Na tarar da Yaya ta rame, ta yi fari, da ta gan ni sai kuka. Yaron kuwa ɗan mitsitsi, gashi cike da kai, hancin Umma sak. Amma abin da ya fara dukana a gidan shi ne sanyi. Na'urar sanyaya ɗaki, wato esi, tana aiki dare da rana, mai jego tana zaune cikinsa da safa a ƙafa. Na ce a raina, da Umma ta ga wannan da hawan jininta ya tashi a tsaye.

Sai kuma na lura gidan wani iri ne. Ƙasan kowace ƙofa an manna roba, in za ka buɗe sai ka sa ƙarfi tana kukan tsotsa. Gefen tagogi an bi da wani farin gam. Injiniya ya zaunar da ni ya yi min bayani da zumuɗi. Ya ce karatunsa kenan: gidajen garin duk yoyo suke yi, ba na ruwa ba, na iska. Esi ya sanyaya ɗaki, sanyin ya sulale ta ƙasan ƙofa da gefen taga, zafi ya shigo, injin ya yi ta wahala, mai gida ya yi ta biya. In aka toshe kafofin, wuta kaɗan za a sha. Ya ce a wasu ƙasashe har maki ake ba gida kamar ɗan makaranta, mai saye ya duba kafin ya saya, kuma shi da gidan nan yake gwajinsa. Gaskiya abin ya burge ni. Ba sauro, ba ƙura, ba ka jin hayaniyar titi. Ban ga laifinsa ba, kuma har gobe ban ce ilimin banza ba ne.

Bayan na huta, matar abokin nan ta kai ni kasuwar Chow Kit a wani jirgin ƙasa da ke tafiya a sama kan dogo guda ɗaya. Na riƙe ƙarfe gam har muka sauka. Kasuwar ƙasanta a jiƙe, ƙarnin kifi, mutane kala-kala kowa da yarensa. Na sami ƙafar saniya ta farfesun jego, na sami kuɓewa, na sami barkono ƙanana masu zafin bala'i. Kifi da kaza sun fi namu araha, naman sa kuwa sai ka yi tunani sau biyu. In ka nemi ragi su ce "boleh", wato ya yiwu, ko su girgiza kai su ce "lah" a ƙarshen magana kamar suna lallashinka. Muka ci shinkafar da aka dafa da madarar kwakwa, da gyaɗa da ƙananan busassun kifi. Da daɗi, sai dai mutanen nan har a miyar barkono sukari suke sawa. A bayan kasuwar na ga masu gasa wani ɗan tsire a kan garwashi, na nuna gawayin da hannu, suka nuna min shagon da ake sayarwa. Na sayi leda guda, raina fes.

Daga ranar jego ya fara yadda aka san shi. In Injiniya ya tafi makaranta, sai in kashe esi, in dafa ruwan wanka, in dama kunun kanwa, in hura gawayi a kan murhun gas, in zuba 'yan garwashi a kasko in kai ɗakin Yaya in barbaɗa turare. Tana jin daɗinsa. Wani lokaci mukan ji ɗan ciwon kai, Yaya ta ce rashin barci ne, ni na ce canjin ruwa ne. Injiniya kuma in ya dawo ya shaƙi ƙamshin ya ce, "'Yar Kano, kin mayar mana da gida na amarya." Ina so ku riƙe wannan. Ya san da kaskon. Ya san da gawayin.

Ranar wata Asabar ya zo da abokin karatunsa, wani Basine mai fara'a, da kaya niƙi-niƙi daga makaranta. Suka buɗe ƙofar shigowa suka kafa wani jan kyalle da ya rufe ta ruf, a tsakiyarsa wata babbar fanka, ga siraran tiyo da wani agogon awo. Aka tura Yaya da yaro gidan abokin nan da muka zo tare. Da suka kunna fankar ta fara zuƙe iskar gidan tana fitarwa waje, labule suka fara motsi, kunnena ya yi ɗum kamar a jirgi. Injiniya ya ce yanzu duk inda kafa take iskar waje za ta kutso ta nan. Ya ce in ara masa turaren tsinke. Ni na kunna masa, ni na bi shi ɗaki-ɗaki yana kai tsinken jikin bango, inda hayaƙin ya karkace ya sa alama. Hayaƙin ya karkace a wasu ramuka da magina suka bari saman tagar ɗakin Yaya, ya karkace a tagar kicin mai gilashi jere-jere. Ya kawo katako da soso da gam ya toshe su duka. Ita tagar ɗakin ma ya bi ta da faffaɗan salatif har kan mariƙinta. Da zai hau ya toshe na kicin, ledar gawayina ce ta tare masa hanya, da hannunsa ya ɗauke ta ya mayar gefe.

Suka sake kunna fankar, suka duba agogon, suka tafa. Injiniya ya ce gidan ya haye aji mafi kyau a ma'auninsa. Ya sauka shagon mamak, wato Indiyawa Musulmi masu sayar da abinci, ya yi mana tapau, wato sayen abinci a ƙunso a kawo gida, na wata gurasa mai laushi da shayin da ake zubowa daga sama har ya yi kumfa. Muka ci muna murna. Ko kalma ɗaya bai ce min game da hura garwashi a gidan ba.

Litinin gab da azahar Umma ta bugo waya, lokacin asuba ce a Kano. Yaya ta yi kuskuren gaya mata bayanta yana ciwo. Umma ta ce a ba ni. Ta ce sanyin injin nan ne ya fara shigarta, in cika kasko da garwashi sosai, in ajiye kusa da gado, in rufe ƙofa ta gasu ta yi gumi. Abin da aka yi wa Umma kenan, abin da na ga ana yi wa kowace mai jego a layinmu kenan tun ina ƙarama.

Bayan azahar aka kece da ruwan sama, irin nasu mai tsawa. Na cika kaskon, na kai, na rufe ƙofa, na zauna a ƙasa ina ninke kayan yaro. Tun safe yake rigima, sai ga shi ya yi shiru. Wallahi har daɗi na ji, na ce ɗumin ya karɓe shi. Yaya ta ce kanta yana sarawa, bari ta ɗan runtsa. Ni ma nawa ya fara, kamar ana ɗaure min shi da igiya. Babu hayaƙi a ɗakin, wannan nake so mutane su gane. Garwashin ja ne wur, ba abin da ke tashi sai ƙamshin turare.

Na miƙe zan je alwalar la'asar, ƙafafuna suka ƙi. Na faɗi kan gwiwa, amai ya taso min. Na kira Yaya, ta amsa da wani gurnani ba ta buɗe ido ba. Na ja jiki na ɗauki yaron, kansa ya langaɓe a hannuna kamar tsumma. Na sa masa yatsa a baki bai tsotsa ba. Ban san me ke faruwa ba, iska kawai nake nema. Na kama taga na ja, tana liƙe. Na sa farce ina kankarar salatif ɗin, farcen ya karye, taga ba ta motsa ba. Da rarrafe na kai ƙofar ɗaki, yaron a ƙirjina, robar ƙasanta tana riƙe ta, na rataya da nauyina duka sannan ta buɗe. Yadda na kai ƙofar waje ban sani ba. Na dai tuna sanyin tayil ɗin baranda a kumatuna, ina dukan ƙofar maƙwabta da ƙafa.

Wata dattijuwa 'yar ƙasar ce ta buɗe, wadda muke gaisawa a lifta, kowa yana ce mata Makcik, kamar a ce inna. Ta karɓe yaron, ta ƙwala wa mijinta kira. Tsohon ya shiga ya jawo Yaya waje ta hammata, ya koma ya fito da kaskon, ya sa wuƙa ya yanke abin da aka liƙe tagogin da shi. A motarsu muka tafi asibiti cikin ruwan nan, gilashi a sauke, ruwa yana dukanmu. Makcik tana murza tafin ƙafar yaron tana salati. Salatin kaɗai nake ganewa a bakinta, shi na riƙe. Muna dab da shiga asibitin ya yi wani ɗan kuka siriri kamar na mage. Ban taɓa jin sauti mai daɗinsa ba.

Aka sa mana abin shaƙar iska a fuska ni da Yaya, aka ɗebi jininmu, shi kuma aka sa shi cikin akwatin gilashi. Likitar, wata Ba'indiya, ta yi min bayani da Turanci a hankali yadda zan gane. Ta ce gawayi in yana ci yana fitar da wata guba da ba ta da wari ba ta da launi, in ɗaki yana da kafofi takan fice, in babu sai ta taru ta shiga jini ta hana shi ɗaukar iska, kuma jariri ne ke fara faɗuwa. Ta ce da na ƙara jimawa kaɗan a zaune da ba a yi wannan maganar da ni ba.

Injiniya ya iso da abokansa. Na san hankalinsa a tashe yake, na ga idonsa. Amma da ya fito daga wurin yaron, ni ya nufo, a gaban mutane, abin iska yana fuskata.

"Wa ya ce ki kunna gawayi a ɗaki a rufe? Nan Kano ce? Ko a makaranta ba a koya muku wannan ba?"

Na cire abin daga fuskata. Ban taɓa ɗaga masa murya ba, wasa ne kawai tsakaninmu. Na ce, "Injiniya, ranar Asabar wa ya ɗauke ledar gawayi a kicin?"

Ya ce shi ya ɗauka ɗan turare nake yi na minti biyu.

Na ce, "Ka tambaye ni? Ka toshe ɗakin mai jego, ka san Umma ta aiko ni da kasko, ka ci gurasa ka kwanta."

Wani daga cikin abokan ya ce haba ƙanwarmu, a yi haƙuri, ƙaddara ce. Na yarda ƙaddara ce. Amma ban ji wanda ya ce masa shi ƙaddara ce lokacin da yake tambayata ko nan Kano ce ba.

Abin da ya ƙarasa ƙona min rai daga baya na ji shi, a bakin matar abokin nan da muka zo tare. Ashe a karatun nasu toshe kafofi da shigo da sabuwar iska tare suke tafiya, ba a yin ɗaya a bar ɗaya. Ashe Basinen nan ya gaya masa tun ranar ya sa ƙaramar fanka mai fitar da iska a kicin, ya kuma bar tagar ɗakin kwana tana buɗuwa. Injiniya ya ce sai ya gama ɗaukar awon wata guda tukuna, kada lissafin ya lalace. Lissafi. Da matarsa da ɗansa na kwanaki a ciki.

An sallame mu ni da Yaya da wuri, yaron ya ƙara kwanaki. Da za a ba mu shi likitar ta ce ya farfaɗo da kyau, amma irin wannan guba wani lokaci tana barin ɓarnar da ba a gani sai daga baya, don haka a dawo da shi bayan wasu makonni a gwada jinsa da ganinsa. Da wannan maganar na ƙarasa zamana. Injiniya ya ɓamɓare salatif, ya buɗe ramukan saman taga, ya sa fankar, duk ba tare da ya ce min komai ba. Ya kai mu bakin tafkin Titiwangsa wai mu sha iska. Wuri mai kyau, dogayen benayen garin suna kwance a cikin ruwa, yara suna gudu. Ni dai idona yana kan yaron, ina tafa hannu kusa da kunnensa in ga ko zai juyo, har Yaya ta ce in bari, ina tsorata ta.

Makcik ce kaɗai ta sanyaya min zuciya. Ranar da na je sallama, da guntun Turancinta da nuni ta gaya min su ma a ƙauyensu ana gasa mai jego a kan garwashi, ita ma an yi mata, sai dai gidan katako ne, iska tana shiga ta ko'ina. Ta shafa kaina ta ce in ci abinci, na rame.

Na dawo Kano ni kaɗai, ta hanyar da muka bi, ban ma ji tsoron jirgin ba. Na tarar labari ya riga ni isowa, kuma ga yadda ya iso: an kai yarinya ƙasar waje ta yi ƙauyanci ta kusa kashe ɗan mutane. Dangin Injiniya da suka zo yi min sannu da zuwa har da mai tambayata ko ban san esi ba ne.  Da suka tafi Umma ta shiga ɗaki ta daɗe, ta fito idonta ja, ta ce, "Ni na ce ki cika kaskon." Ita ta faɗa. Wanda ya yi karatun bai faɗa ba.

Abin da tafiyar nan ta koya min ba shi da yawa, amma da tsada na saye shi. 'Yan uwana mata, gidajen yanzu ba irin na iyayenmu ba ne, ko a nan Kano masu tagar gilashi da esi suna yawa. Kada ku rufe ƙofa a kan garwashi, ko da ba ku ga hayaƙi ba, kuma in jariri mai rigima ya yi shiru kwatsam kanku yana ciwo, ku fita da shi kafin ku yi tunanin komai. Ku kuma masu ilimin gyara gida, in kun canja wa gida hali, ku gaya wa waɗanda ke wuni a cikinsa. Ku ne kuke fita da safe.

Shekaranjiya da hantsi wayar Umma ta yi ƙara, lambar waje. Injiniya ne, ya ce a ba ni. Ya ce sun dawo daga asibiti, an gwada yaron, yana ji, yana bin haske da ido, likita ta ce babu abin da ya same shi. Na zauna a ƙasa inda nake tsaye, Umma tana ta hamdala a kaina. Sai na ji ya yi gyaran murya ya ce, "Ƙanwata, dama akwai wata magana." Na share hawaye na gyara riƙon wayar, na ce yau dai zai faɗa.

Ya ce malaminsa ya ba shi shawarar ya ƙara babi a kundin bincikensa a kan yadda mazauna gida ke amfani da shi, ko zan iya tuna kamar gawayi nawa na zuba a kaskon, da kuma tsawon lokacin da ƙofar ta yi a rufe?

Na ce ya gaishe min da Yaya, ya sumbaci yaron. Na miƙa wa Umma wayarta.